TARIHIN AKODIYAN A CIKIN SUJADARMU

Godiya ta tabbata ga Ubangiji wanda ya kawo mu wannan biki na cika shekara 50. Yayin da muke tuna alherinsa, ya kamata mu tuna da ƙaramin abin kiɗan da ya riƙe waƙoƙinmu tun ba mu da wutar lantarki, wato akodiyan mai maɓallai.

A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller suka shigo birnin Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, majami'u suka kafu a Sabon Gari, bayan ganuwa. Masu bi suka sami Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ga kuma Littafin Waƙoƙi, sai dai ba kowace ikilisiya ke da kuɗin sayen ogan ba. Nan akodiyan ya yi mana rana.

Wani mutum mai suna Cyrill Demian ne ya yi rajistar ƙirarsa a birnin Biyana a 1829, daga baya kamfanin Hohner na Jamus ya baza shi duniya. Aikinsa kamar na zugazugin maƙeran cikin birni yake. Iska ce ke kaɗa ƙananan harsunan ƙarfe da ke ciki, su ba da sauti. Kowane maɓalli yana da murya biyu: in an matsa, murya ɗaya; in an ja, wata dabam. Saboda haka maɓallai 10 na hannun dama suna ba da murya 20, hannun hagu kuwa yana riƙe amon ƙasa. Da yake mai layi ɗaya ba ya iya sauya matakin waƙa, jama'a ne ke bin sa. Irinsa ne I. K. Dairo ya shigar cikin kiɗan juju.

Da shi dattawanmu suka yi wa'azin ƙauye da taron addu'ar gida-gida, mata masu zumunta suna amsawa da tulu da kacau-kacau.

Yau namu yana ajiye cikin akwati, waɗanda suka iya shi kuma sun tsufa. In aka ɗauke wuta, sai waƙa ta tsaya. Muna roƙon matasa su zo su koya tun masu koyarwa suna da rai. Ubangiji ya taimake mu. Amin.