Daga Huhun Goro Zuwa Murfin Gora: Tarihin Ɗauri Da Yarda A Zango

Akwai wata 'yar ƙara da kunnuwanmu suka saba da ita har muka daina lura: ƙas ɗin nan da murfin gorar ruwa ke yi idan aka murɗa shi karon farko. Mai saye a bakin titin Nima, ko fasinjan da ya miƙo hannu ta tagar trotro a Mamobi, ba ya tambayar sunan mai sayarwa, balle gidansu. Ya murɗa, ya ji zoben ƙasan murfi ya tsinke, ya kafa kai. Wannan yarda da muke ba ɗan zoben roba baƙuwa ce a tarihinmu, kuma ta saɓa wa abin da kakanninmu suka sani game da ɗaurin kaya.

Goro na cikin manyan abubuwan da suka kawo mu ƙasar nan. Tun kafin Bature ya kafa mulkinsa, ayarin fatake na tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jemammun fatu, su yi watanni a hanya kafin su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, inda goron dajin Tonawa ke jiransu. Komawa ita ce jarrabawar. Goro abu ne mai rai: in ya bushe ya mutu, in ya jiƙe da yawa ya ruɓe, in sankara ta shiga ɗaya ta bi sauran. Don haka ake shimfiɗa ɗanyen ganyen fita, a jera goron, a naɗe, a ɗaure tamau, shi ne huhu. Amma wannan ɗaurin ba a yi shi don ya dawwama ba. Bayan 'yan kwanaki dole a kwance, a tsince wanda ya lalace, a sake ganye, a yayyafa ruwa, a mayar da ɗauri. Falken da ya bar huhunsa a rufe tun daga Salaga har Kurmi ta Kano, asara ya ɗauko wa kansa. Mai saye ma ba ya biya sai an buɗe masa ya gani, an ƙirga masa ƙwarya ƙwarya, kowace goro ɗari. A wancan zamani kayan da ake yawan buɗewa su ne abin yarda, kuma idon gwani da sunan maigidan da ya saukar da baƙo su ne shaida.

A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Tonawa kan hanyoyin arewa ya yi rauni, kasuwar Salaga ta fara ja da baya. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa garin, malamai da 'yan kasuwa suka watsu, wasu Kete Krachi kamar Alhaji Umaru, wasu Kumasi, wasu suka gangaro bakin teku zuwa Ankara, kamar yadda bakin kakanninmu ya kira Accra, inda dama akwai 'yan uwa a tsohon zango. Daga nan aka samu Sabon Zango na Malam Baƙo a farkon ƙarni na ashirin, sannan Nima, wadda aka fara zama a shekarun 1930 a filin da Malam Amadu Futa ya samu daga hannun Ankarawa.

A wannan shekarar ta 1892 da Salaga ke ƙonewa, wani mutum mai suna William Painter a birnin Baltimore na Amurka ya yi rajistar wata ƙirƙira da ba ta kai girman kwabo biyu ba: murfin ƙarfe mai haƙora da ake matsawa a bakin kwalba. Kafin shi masu lemo mai gas na fama da toshiyar ɓawon itace da waya, gas na sulalewa, abin sha na salancewa. Dabarar Painter ita ce murfin ya zama na amfani sau ɗaya. Da an ɓalle shi ya lanƙwashe, sai yarwa. Haƙoransa ashirin da huɗu ne da farko, daga baya aka tsaya kan ashirin da ɗaya, kuma duk wanda ya ƙirga na kwalbar minaral a yau abin da zai samu ke nan. Masana'antar giya ta farko a Ankara ta buɗe a 1931, kusan lokaci guda da kafuwar Nima, masu cika lemo suka biyo baya, murfin ya bazu har cikin lungunanmu. Da yawa daga cikinmu ma da shi muka fara buga ƙwallo, a durƙushe a ƙasa muna harba kantas da yatsa.

Abin lura shi ne hukuncin ya juye. Huhu sai an buɗe ake yarda da shi, kwalba kuwa sai idan ba a taɓa buɗe ta ba. Kuma tunda mai saye ba shi da ikon dubawa kafin ya biya, dole wani ya duba masa tun a masana'anta. Shekaru da dama mutane ne ke wannan aiki: a zaunar da ma'aikaci gaban farin allo mai fitila, kwalabe na wucewa, yana zare mai datti ko mai karkataccen murfi. Ido yana gajiya, shi ya sa ake musanya su akai-akai, kuma gudun inji ya zo ya fi ƙarfin kowane ido.

Abu biyu suka ƙara wa al'amarin nauyi. A 1973 Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont ya yi rajistar gorar roba mai iya riƙe gas, wadda ta yaɗa murfin murɗawa a duniya. Shi kuwa wannan murfi, saɓanin na Painter, ana iya buɗe shi a mayar ba tare da alama ba. Sai kuma 1982, lokacin da wani ya zuba guba a cikin ƙwayoyin maganin Tylenol a yankin Chicago, ya mayar da kwalaben kan kanta, mutum bakwai suka mutu, kuma har yau ba a hukunta kowa da laifin kisan ba. Amurka ta wajabta hatimin da ke tona asirin buɗewa a kan magunguna, masu abinci da abin sha suka ƙara riƙo da shi. Zoben da ke tsinkewa a ƙasan murfi ya girmi wannan ta'asa, amma bayanta ne ya zama abin da mai saye ke nema da idonsa.

Yadda ake duba murfin a manyan masana'antun zamani ya cancanci a tsaya a kai, domin akwai hikima a ciki. Bayan an cika gora, kan inji na sauko da murfi ya murɗa shi da ƙarfin da aka ƙayyade. In murɗin ya gaza, gas ya fita, iska da ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. In ya wuce kima, tiredin wuyan gora ya ci, ko zoben ya tsinke tun a gida, ko tsohuwa ta kasa buɗewa. To, kyamara ba ta da hannu, ba ta jin tauri. Abin da take yi shi ne karanta alamomin da tauri ke bari. Ana haska gorar daga baya don inuwarta ta fito sarai, sai a auna tsayin murfi daga kafaɗar wuya: wanda bai zauna ba yakan ɗara 'yan uwansa tsawo. A duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, alamar ya hau tiredi a karkace. A duba ko siraran haɗin da ke riƙe zobe suna nan. Mafi dabara, akwai 'yar alama a jikin murfi da wata a wuyan gora. Tazarar da ke tsakaninsu bayan murɗi ita ke nuna iyakar juyawar da murfin ya yi, daga nan kwamfuta ta gane ko ya kai maƙura. Kyamarori da dama ke kewaye gorar don kada wani gefe ya ɓuya, ana yin wannan ga goruna dubbai goma-goma a awa guda, wadda ta faɗi kuma wani ɗan hannu ko bugun iska ya ture ta gefe ba tare da layin ya tsaya ba. Duk da haka ba a sallami ɗan Adam ba: lokaci-lokaci ma'aikaci na zare gora ya ɗora ta a ma'aunin murɗi ya buɗe, don a tabbatar abin da ido ya gani ya dace da abin da hannu zai ji. Wato tsince da falke ke yi a zango tana nan, wuri kawai ta sauya.

Mu kuwa ruwanmu ta wata hanya ya bi. Manyanmu sun tuna ais wata na kofi ɗaya, da ake tsomawa a bokiti kowa ya sha. Aka koma na ƙullin leda, wanda ake buɗe bakinta, wani lokaci da hurawa, a zuba a ƙulle da hannu. A ƙarshen shekarun 1990 injin liƙe leda ya kawo fiya wata mai rabin lita, sannan ruwan gora irin su Voltic ya yawaita. Kowane mataki tsoron cuta ne ya tura shi, kuma tsoron ba na banza ba ne: kwalarar 2014 ta kama mutum fiye da 28,000 a Ghana, ta kashe sama da 200, kuma Ankara ce ta fi jin jiki. Hukuma ma ta bi sawu. Dokar abinci da magunguna ta 1992 ta haifi hukumar da dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta mayar FDA ta yanzu, kuma tun 2018 hukumar haraji ke tilasta manna tambarinta a kan gorunan ruwa da lemo. Murfi ya zama wurin da masana'anta da gwamnati duka ke sa hannu.

A nan ne labarin ya shigo tsakar gidanmu. Abin shan da ya fitar da sunan zango a faɗin ƙasar nan, sobolo da lamurji da burkina da fura da nono, akasarinsa a gorar da ta riga ta yi rayuwarta ta farko ake zuba shi. Ana tattaro gorunan daga wuraren biki da suna da ofisoshi, a sayar wa iyayenmu mata, su wanke su cika. Kyamarar masana'anta ta shaidi rufin farko ne kaɗai, ba ta san komai game da na biyu ba. Zoben ya riga ya tsinke a hannun wani, tambarin haraji ya yage, sunan kamfanin da ke jikin gorar ba shi da alaƙa da abin da ke ciki. Hukumomin lafiya sun sha gargaɗi kan wannan, kuma gaskiyarsu ce, domin ba kowace gora ce aka san inda ta kwana ba.

Sai dai a ganinmu masu cewa a hana kawai ba su dubi abin da kyau ba. Wannan sana'a ta biya kuɗin makarantar yara da yawa a Nima da Mamobi da Sabon Zango, kuma mai sayen burkina a unguwa bai taɓa dogara da zobe ba. Ya san Hajiyar da ta dama, ya san ƙofar gidanta, ya san in cikinsa ya ɓaci gobe unguwa za ta ji. Tsarin maigida da baƙonsa na Salaga ne, kuma yana aiki muddin mai saye da mai damawa suna gaisawa. Inda ya karye shi ne lokacin da kulan ƙanƙara ya bar unguwa ya isa Circle ko Kaneshie ko tsakiyar cunkoson motoci, inda mai saye bai san Hajiya ba, murfin kuma ba shi da abin da zai gaya masa. Can babu shaidar fuska, babu ta inji.

Kuma ko murfi ya ɗauru daidai, iyakarsa ya tsare abin da aka zuba. Geron da ya yi fumfuna, ko nonon da ba a dafa ba, zai isa bakin mai sha yadda aka rufe shi. Burkina ma ta fi kama da goro fiye da lemon kwalba, domin tana da rai: in ƙanƙara ta narke rana ta buga, tsaminta na ci gaba, gorar ta kumbura, kuma tsananin ɗaurin ne zai sa ta yi tsiri a fuskar mai buɗewa.

Yanzu ana samun sababbin goruna da murafansu masu cikakken zobe a kasuwa, kuma wasu daga cikin matanmu, musamman masu kai kaya shaguna da wuraren biki, sun koma kansu, har da masu neman rajistar FDA da takardar suna a jiki. Kuɗin gorar na cin wani yanki na 'yar ribar, shi ya sa mai sayar wa 'yan makaranta ba ta iya bi. Waɗanda suka koma ɗin da hannu suke murɗawa, ɗaya bayan ɗaya, tun kafin asuba. In an gama sai a kifa gorar a matsa cikinta da babban yatsa, a duba wuyan a hasken fitila ko zai yi gumi, wadda ta ɗiga a ajiye ta gefe don yaran gida.