«Farar hula» da ƙidayar matattu: shekarar 1899 in an dube ta daga Kance

1. Gabatarwa

Duk mai sauraren sashen Hausa na BBC, ko Muryar Jamus, ko RFI, a Kance ko a Matamai, ya saba da kalmar «farar hula». Ran 7 ga Oktoba 2023 mayaƙan Hamas suka kashe kimanin mutum 1,200 a kudancin Isra'ila, akasarinsu ba soja ba ne. Yaƙin da Isra'ila ta kai zirin Gaza bayan haka ya ci rayukan Falasɗinawa da ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce sun haura 60,000 a watan Yuli 2025, cikinsu da mata da yara masu ɗimbin yawa. Tun daga nan kalmar ta zama ta yau da gobe a bakin jama'a, ana jin ta a tasha da kasuwa da ƙofar masallaci.

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu maido da kalmar gida. Ƙasarmu ma ta ga shekarar da aka karkashe mutanen ƙauye ba su ji ba ba su gani ba, wato 1899, lokacin da ayarin sojan Faransa na kyaftin Paul Voulet da kyaftin Julien Chanoine ya ratso daga bakin kogin Kwara ya nufo Damagaram. Abin da muke son nunawa shi ne cewa waɗanda suka mutu a wannan shekara an ɓatar da su sau biyu: takardun Faransawa ba su ƙidaya su yadda ya kamata ba, mu kuma irin Hausar da muke ba da labarin da ita tana tsallake su.

2. Hanyar ayarin

Sai an fara da maganar ruwa kafin a fahimci ta'asar. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu ran 14 ga Yuni 1898 ta zana iyaka mai kama da baka, nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Duk abin da ke cikin bakan na Ingila ne. Abin da ya rage wa Faransa tsakanin kogi da Damagaram hanya ce ta arewa, mai ƙarancin rijiyoyi. Gwamnatin Faransa ta tura ayari ya bi wannan hanya har tafkin Cadi, ba ta ba shi guzurin da zai ishe shi ba. Ayarin kuwa ya haura mutum dubu: Turawa ƴan kaɗan, sojojin haya baƙar fata, ƴan dako ɗaruruwa da aka kamo da ƙarfi a ƙasar Mosi, ga mata, ga dabbobi. Taro irin wannan, a tsakiyar rani, ba ya rayuwa sai da rumbun talaka da rijiyarsa. Duk garin da ya ɓoye hatsi, ko ya hana jagora, ko mutanensa suka gudu daji, an ɗauke shi abokin gaba.

Ran 8 ga Janairu 1899 aka kashe mutum 101 a Sansane Hausa, bakin kogi, har da mata da yara. Ran 16 ga Afrilu aka yi karo da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu ayarin ya shiga ɓangaren da yarjejeniya ta bar wa Ingila, ya faɗa wa Birnin Ƙwanni, ya ƙone shi; nan ne aka yi kisa mafi muni. Daga nan aka bi ta Gobir zuwa ƙasar Tasawa, ana ƙone ƙauyuka, ana rataye jagororin da aka zarga da ɓad da hanya.

Labari ya isa birnin Paris ta hanyar wasiƙar laftanan Péteau, wanda Voulet ya kora daga ayarin. Cikin Afrilu aka umarci kanal Klobb ya bi sawu ya karɓe ragamar ayarin. Bai sha wahalar gane hanya ba, don kufai da gawawwaki da rijiyoyin da aka ɓata su suka yi masa jagora, kamar yadda ya rubuta a littafin tafiyarsa da aka buga bayan rasuwarsa. Ran 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojin suka yi wa shugabanninsu bore: suka kashe Chanoine ran 16, Voulet ran 17, a Maijirgi, gabas da Tasawa.

Galibin littattafan Turai nan suke tsayawa, kamar dai mutuwar kyaftin biyu ita ce ƙarshen magana. Ga mutumin Kance kuwa nan maganar ta fara. Daga Maijirgi zuwa Kance bai wuce tafiyar kwana biyu ko uku a ƙasa ba, kuma ayarin bai watse ba. Laftanan Pallier ya karɓe shi, da sojojin nan da bindigogin nan, ya ci gaba gabas ta arewacin Kance. A ƙarshen Yuli aka yi yaƙin Tirmini, rundunar sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ta karye, Faransawa suka shiga birni ran 30 ga wata. Sun zo da hujjar ɗaukar fansar kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive, waɗanda aka kashe a Damagaram cikin Mayu 1898. A watan Satumba aka kashe sarkin; Amadu ɗan Basa ne aka naɗa a madadinsa. Kance, wadda a ƙarshen ƙarni na 19 take cikin ƙasashen da ke bin Damagaram, ta wayi gari ƙarƙashin sabon ubangida. Ƙasar da aka ci ita ce ta ciyar da sojan da ya ci ta, har da ayarin Foureau da Lamy da ya sauko daga Aljeriya ta Abzin ya iso Damagaram a watan Nuwamba.

3. Taron La Haye

Akwai wani dacen kwanaki da ya kamata ɗalibanmu su riƙe. Daga 18 ga Mayu zuwa 29 ga Yuli 1899, wakilan manyan ƙasashe, har da Faransa, suna zaune a birnin La Haye na ƙasar Holan suna tsara dokokin yaƙi. Takardar da suka sa wa hannu ran 29 ga Yuli ta hana kai hari kan garin da ba shi da kariya, ta hana wasoso. Kashegari aka shiga Damagaram. Sai dai dokar ta ɗaure ƙasashen da suka sa hannu ne a tsakaninsu. Ba sarkin Ƙwanni ko na Damagaram a teburin. Ke nan a daidai makonnin da Turai ke ƙirƙiro wa mutumin da ba soja ba matsayi a doka, an riga an fitar da mutanenmu daga cikin wannan matsayi. Sai a 1949, da yarjejeniya ta huɗu ta Janeba, aka keɓe wa kare fararen hula cikakkiyar doka.

4. Abin da kalmomi ke yi

A takardun mulkin mallaka wanda ya mutu a ƙauye ba «civil» ba ne. Ko dai «indigène» ne, ko «porteur», ko «captif», ko «rebelle», aikin gaba ɗaya kuma sunansa «pacification», wato kwantar da ƙasa. Da binciken hukuma ya ƙare a 1902, sai aka ɗora laifin kan «soudanite», wai wani irin taɓin hankali da zafin Sudan ke jawo wa Bature. Wannan kalma ta yi aiki biyu: ta wanke gwamnatin da ta tura ayari ba guzuri, ta kuma mayar da ƙasar da aka ƙone ita ce mai laifi, tunda ranarta ce ta haukata baƙin. Ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya nemi a kafa kwamitin bincike na majalisa a ƙarshen 1900, aka ƙi. Abin da ya girgiza Paris kisan kanal ne da hannun ƙaramin hafsa, ba Ƙwanni ba.

Amma mu duba tamu Hausar, don nan ne aikinmu. Muna cewa «an ci Ƙwanni», «an ƙone gari», «gari ya tashi». Wakilin suna «an» ba ya nuna wanda ya yi aikin, kalmar «gari» kuma ta haɗiye mutanen da ke ciki. Aikatau «ci» shi ne wanda muke amfani da shi ga tuwo da kasuwa da jarrabawa. A cikinsa babu jini. Wannan salon ba Bature ya koya mana ba. Da shi ake ba da tarihin sarakuna tun da: wane ya yi shekara kaza, ya ci gari kaza. Kuma gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, ƙauyukan da ke tsakanin Damagaram da Kano, ciki har da na ƙasar Kance, sun san tashin hankali kafin zuwan nasara. A shekarun 1890 Amadu Kuran Daga ya yi ta yaƙi da sarkin Kano Alu, rundunarsa ta kai har Gezawa, kuma runduna ba ta tashi sama. Ta gonakin mutane take bi. A wancan tsari sunan baƙauyen da yaƙi ya rutsa da shi «ganima» ne, makomarsa kasuwar bayi. Malamai sun san cewa Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta hana kashe mata da yara a yaƙi. Hani ne mai nauyi, ya kuma girmi La Haye da ƙarni tara, amma bai hana kama su ba. Abin da ya bambanta 1899 shi ne bindiga mai saurin harbi, da kisan da ba a neman komai da shi sai tsoratarwa: maharin da ke son bawa yana son sa da rai, Voulet kuwa gawar ce saƙonsa ga gari na gaba.

Ita kanta «farar hula» sabuwar kalma ce, ta zamanin soja mai kaki. Tana da ma'ana ne kawai in akwai wata hular da ba fara ba, kuma kowa ya san jar dara ta sojan Faransa baƙar fata. To amma wa ke sa hula? Namiji baligi. Mace ba ta sa hula, jariri goye ba ya sawa. Hoton da kalmar ke kawowa a zuciya shi ne na magidanci cikin riga da hula, alhali waɗanda ake nufi a Gaza, ko a ƙauyukan kudancin Isra'ila, ko a Ƙwanni, da yawansu mata ne da ƙananan yara. Shi ya sa mai fassara a rediyo yakan ƙara da «ciki har da mata da yara», don ya ji kalmar ba ta isa ba. A ganinmu tsohuwar maganar nan, «waɗanda ba su ji ba ba su gani ba», ta fi ta gaskiya, ko da yake ta yi tsawo ga kanun labarai.

5. Ƙidaya da sunaye

A rikicin Isra'ila da Falasɗinawa ana jayayya kan adadi, amma jayayyar kanta alama ce cewa an yarda matattun sun cancanci ƙidaya. Misalin Deir Yassin ya isa. Bayan kisan da aka yi a wannan ƙauye ran 9 ga Afrilu 1948, adadin da ya bazu shi ne 254, kuma ɓangarorin biyu duk sun yi amfani da shi, kowa don bukatarsa. A 1987 masu bincike na jami'ar Birzeit, Falasɗinawa, suka bi waɗanda suka tsira gida-gida suka tattara sunaye, sai adadin ya dawo ɗari da ƴan kai. Lambar ta ragu, amma hujjar ta ƙara ƙarfi, don kowane ɗaya yana da suna da dangi. Haka a ƙarshen Oktoba 2023, da aka yi shakkar alƙalumanta, ma'aikatar lafiya ta Gaza ta fitar da jerin sunaye da shekaru da lambar katin shaida. A Isra'ila ma an buga sunaye da hotunan waɗanda aka kashe ran 7 ga wata.

A namu ɓangaren, Klobb yana da suna da rana da wurin mutuwa. Voulet da Chanoine suna da kaburbura a Maijirgi. Mutanen Ƙwanni kuwa «dubbai» ne kawai, kowane marubuci da nasa ƙiyasi. Littafin Abdoulaye Mamani, Sarraounia, na 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986, sun yi babban aiki wajen fito da labarin fili, sai dai su ma sunan shugaba suka ɗaukaka. Muna da jaruma yanzu, kuma mun cancanci mu samu, amma mai daka da mai kiwo da aka jefa rijiya har yanzu suna cikin «an».

Hanyar Birzeit ba ta fi ƙarfin sashenmu ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun ƙare, amma a ƙasar Hausa suna ba ya mutuwa da wuri: yana cikin sunan da aka maya wa jika, yana cikin kirarin gida, yana cikin sunan kufai da na rijiya da na unguwar da baƙi suka kafa bayan gudu. Ɗalibin da ya iya naɗar magana don nazarin karin harshen Damagaram ya iya tambayar tsohuwa sunan kakarta da garin da ta baro da dalilin barowa. Ya kamata a yi wannan a Kance da Matamai kamar yadda za a yi a Tasawa da Ƙwanni, kuma a rubuta har da waɗanda harin sarakunanmu ya ɗebe, don in an ware su an sake yin zaɓen da La Haye ta yi.

Maganar ba ta tsaya ga aji ba. A 2021 wakilan wasu garuruwan da ayarin ya bi suka kai ƙorafi gaban wani jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da gaskiya da adalci da biyan diyya, suna neman a buɗe musu takardun tarihi, a kuma amsa laifi. A 2025 gwamnatin Faransa ta ba da amsa cewa ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa da hukumomin Nijar, amma ba ta ɗauki alhaki ba, bisa hujjar cewa dokokin ƙasa da ƙasa na yau ba sa aiki kan abin da ya faru kafin a kafa su.