Dogon Wushishi: Jirgin Ƙasan Farko a Arewa

Duk lokacin da aka ɗauko zancen jirgin ƙasa a Arewa, hankalinmu kan tafi ne ga dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911. Amma shekara goma kafin wannan, wani ɗan ƙaramin jirgi ya riga ya yi kuka a ƙasar Kontagora, a nan kusa da mu.

A farkon 1901 sojojin Turawa suka ci Kontagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice daga garin. Gwamna Lugga kuwa ya ƙuduri kafa hedikwatarsa a Zungeru. To, sai dai kayan gini daga teku suke zuwa, su biyo Kwara, su shiga kogin Kaduna, kuma jiragen ruwa ba sa iya kaiwa Zungeru. Saboda haka a wannan shekara aka shimfiɗa dogo daga Wushishi zuwa Zungeru, kimanin mil 12. Da aka ga ruwa kan janye da rani, sai a 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko, ya zama mil 22. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, alhali babban dogo ƙafa uku da rabi ne.

Abin lura shi ne, ba don mutanen Wushishi aka yi shi ba, don kayan Bature aka yi shi. Shi ya sa da babban dogon Ikko ya ratso ta Zungeru, nan take aka ga ba shi da sauran amfani. Aka ɓalle ƙarafunansa, aka loda su tare da injinan, aka nufi Zariya, domin an sami wani kayan da ya fi siminti da katako daraja: kuzar da ake haƙa a tsaunukan Jos. Kafin nan a ka 'yan dako suke ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwana da kwanaki.

Daga Zariya sabon dogon ya isa Rahama a 1912, ya hau dutse har Bukuru a 1914, jimla mil 143. Turawa suka sa masa sunan Bauci, ko da yake bai taɓa shiga birnin Yakubu ba. A lokacin Jos tana cikin Lardin Bauci ne. A Zariya kuwa dole a sauke kowane buhu a sake loda shi, tun da faɗin dogayen biyu bai zo ɗaya ba.

Shi ma abin da ya ci na Wushishi ne ya ci shi. A 1927 babban dogo ya shigo Jos ta Kafanchan, kuza ta koma bin hanyar Fatakwal. Ɗan jirgin ya ci gaba da jan ƙafa da fasinja da amfanin gona har shekara talatin, sannan aka rufe shi a 1957.