Daga Gora zuwa Inji: Tarihin Jirgin Masunta a Arewa

A zamanmu na watan jiya wasu matasanmu sun kawo shawarar a haɗa kuɗi a sayi jirgin kamun kifi a kai Loko, bakin Binuwai, sai gardama ta kaure kan girman injin da za a ɗora masa. Mu mutanen Keffi ba 'yan ruwa ba ne, kifi muke sani a kasuwa. Amma tun kafin zuwan Turawa fataken da ke saukowa daga Zazzau ta nan suke bi su nufi Loko, don haka ba mu zama baƙi a wannan hanya ba. Kafin a taɓa kuɗin jama'a, ga abin da tarihin sana'ar ya nuna.

Masuncin Hausa na farko bai fara da jirgi ba. Gora ce da homa: ya kwanta a kan gorar ya yi iyo, kifin da ya kama ya zuba a cikinta. Haka ake yi har yau a bikin Argungu, wanda ya samo asali a 1934. Sarkawa, masuntan da suka fito daga ƙasar Kabi suka bazu Yawuri da sauran gaɓar Kwara, su ne suka yi suna da kwale-kwale, wanda ake sassaƙawa daga gungumen itace guda kamar maɗaci. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci a Arewa, shi ya sa manyan jirage daga kurmin Kudu ake hauro da su, kuma Kyadawan ƙasar Nufe suka daɗe suna riƙe da sufurin kogin.

Abin da ya sauya komai shi ne madatsar ruwan Kainji da aka kammala a 1968. Kogi ya koma tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, aka tashi mutum kusan 44,000, tsohon garin Busa ya nutse. Kwale-kwalen da ya saba da kogi sai ga shi a fili mai iska da igiyar ruwa. Nan jirgin katako ya samu karɓuwa, domin kafinta na iya faɗaɗa shi, ya ɗaga gefensa, ya kuma yi masa gindi mai faɗi inda za a maƙala inji. Ragar roba ta maye gurbin ta zare. Kifi ya yi yawa a shekarun farko, an kama tan kusan 28,000 a 1971, masunta suka yi ta tururuwa daga ko'ina. Kafin 1978 abin da ake kamawa ya faɗi ƙasa da tan 5,000. Wanda ya ci bashi a shekarar albarka, a shekarar ƙamfa ya biya.

Wani abu da ya kamata matasanmu su lura da shi: ƙidayar da cibiyar binciken kifi ta Sabon Busa ta yi tare da Jamusawa a shekarun 1990 ta nuna mafi yawan jiragen masuntan Kainji ba su da inji ko kaɗan, da filafili ake tuƙa su. Ba ƙauyanci ba ne. Mai kalli ko mamari yana zuba kayansa da yamma kusa da tungarsa, ya koma da asuba ya ɗebe. Inji ya fi amfani ga masu dakon kifi da fasinja zuwa kasuwannin Yawuri da Malale, da masu jan dala, ragar nan mai ƙananan ido da ake kama warangi da ita, wadda daga baya aka hana saboda tana kwashe 'ya'yan kifi.

A tafkin Chadi ma an ga irin haka. Buduma da jirgin ciyawa suke su, sannan Hausawa da wasu suka cika Baga da jiragen katako da injuna, banda tana tafiya har Onitsha. Da ruwan ya ja baya bayan farin shekarun 1970 da 1980, wurare da dama suka zama fadama mai ciyawa, inda farfela ke sarƙewa, sandar turawa ta dawo da darajarta.

To, batun ƙarfin inji. Jirgin katako mai nauyi ratsa ruwa yake yi, ba ya tashi a kansa, kuma tsawonsa ne ke iyakance gudunsa. In ya kai iyakar, ƙarin ƙarfi sai dai gindi ya lume, mai ya ƙone. Injin Yamaha mai doki 15 yana shan kusan lita 7 a awa in an buɗe masa wuta, mai doki 40 kuwa kusan lita 20. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, wannan bambanci ya isa ya cinye ribar yini. Amma kada a ce ƙarami kawai. Binuwai ba tafki ba ne, a Satumba da Oktoba ruwansa na gudu da ƙarfi, kuma injin da ya kasa hawa da kaya hatsari ne. Da rani kuma yashi ke fitowa, jirgi mai zurfin ciki ya maƙale.

Tsoronmu na gaske shi ne abin da ke biyo bayan babban inji: mai shi ya ga kifi bai biya kuɗin mai ba, sai ya koma ɗaukar fasinja, ya yi lodi fiye da kima. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ba, ɗauke da mutum fiye da 150.

Ra'ayinmu a kwamiti shi ne jirgin katako matsakaici, inji mai doki 15 wanda makanikan bakin ruwa suka sani kuma kayan gyaransa ke samuwa, filafili biyu, da rigar ruwa ga kowa. Mutum biyu za su je Loko su gana da Sarkin Ruwa da kafintocin jirgi, su ji irin wanda ya dace da ruwan wurin, su kawo rahoto a zama na gaba.