Kimiyya da Hausa: Daga Ikon Allah Zuwa Ajin Yasore

'Yan uwa marubuta, yaron Yasore ya san dutse yana tsufa. Yana ganin duwatsun ƙasar Batsari da Safana suna ɓarewa: rana ta gasa su, sanyin dare ya tsuke su, damina ta kwashe ɓarɓashin zuwa gona. Amma in ya shiga aji, sai a faɗa masa sunan abin da Turanci, ya haddace bai gane ba.

Ba haka aka faro ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909, da Hausa take koyar da lissafi. Daga baya Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah, suka yi bayanin halittu da Hausar da ɗan elementare zai fahimta. Tsarin ilimin ƙasa na 1977 ma ya ce a fara firamare da harshen uwa, sai dai littattafan sun yi ƙaranci.

Mu kuwa mun karkata ga labaran soyayya, kuma ba laifi ba ne. To, wa a cikinmu zai rubuta shafi biyu ya koya wa yaron nan karanta zanen ruwan sama, inda sandar Agusta ta fi kowace tsawo, ta Janairu kuwa babu ita sam?