Zaren masana'anta: asalinsa, ƙarfinsa da abin da yake lalata shi

A da kakanninmu suna tufka igiya da kaba, ko rama, ko fata. A yau igiyar guga, da buhun hatsi, da gidan sauro, da komar masunta, yawancinsu an yi su ne da zaren da ba a noma shi a gona ba. Ya kamata ka san halinsa, domin igiyar da ta tsinke a bakin rijiya tana iya tafiya da guga, wani lokaci ma da ran mutum.

Ina asalinsa?

Daga ɗanyen mai da iskar gas ake samun waɗansu ƙananan ƙwayoyin sinadari da ido ba ya iya gani. A masana'anta ana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, kamar ƴaƴan carbi, har su zama dogayen sarƙoƙi. Sai a narkar da haɗin, a tura shi ta ƙananan ƙofofi kamar na rariya, ya fito siriri, sa'an nan a ja shi. Jan nan yana miƙar da sarƙoƙin su kwanta a jere, suna riƙe da juna. Daga nan ƙarfin zaren yake fitowa.

Ire-irensa

Nailan: Wallace Carothers ya ƙirƙiro shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1935. Yana da ƙarfi, yana miƙewa ya koma. Amma yana shan ruwa, kuma ƙarfinsa yana ɗan raguwa idan ya jiƙa. Ruwan batir yana cinye shi.

Poliyesta: an ƙirƙiro shi a Ingila a 1941. Ba ya miƙewa sosai, kuma ya fi sauran jure rana. Da shi ake saƙa gidajen sauro da yawa.

Poliforofilen: an samo shi a shekarun 1950. Shi ne mai araha, marar nauyi, wanda ake yin buhuna da yawancin igiyoyin kasuwa masu launi da shi. Rana ce babbar abokiyar gabarsa.

Kevlar: wata mata mai ilimin sinadarai, Stephanie Kwolek, ta gano shi a DuPont a 1965. Idan aka auna shi da baƙin ƙarfe mai nauyi ɗaya da shi, ya ninka shi ƙarfi wajen sau 5. Da shi ake yin rigar kariya daga harsashi da hular kwano ta soja. Yana da tsada ƙwarai.

Yadda za ka bambanta su

Ka yanki guntun igiya ka jefa a ruwa. Poliforofilen yana tasowa sama, nailan da poliyesta kuwa suna nutsewa. Idan ka kai wuta bakin zare, na auduga ya ƙone ya bar toka, na nailan kuwa ya narke ya dunƙule.

Shawarwari

1. Ka ajiye igiya da buhuna a inuwa. Hasken rana yana karya sarƙoƙin nan a hankali.
2. Ka murza igiya da hannu. Idan launinta ya koɗe, tana fitar da gari ko tana tsittsinkewa, to ta gama aiki, ko da kaurinta bai ragu ba.
3. Ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani lokaci har rabi. Gogar bakin rijiya ma tana cin ta.
4. Ka ƙona bakin igiyar da ka yanke don kada ta warware.
5. Ka nisanta gidan sauro da fitilar kwai da wutar murhu. Zaren yana narkewa ya manne a fata.

Abu mafi muhimmanci: kada a zura mai yasar rijiya da igiyar da ta daɗe a rana. A nemo sabuwa mai kauri, a duba ta tun daga farkonta har ƙarshenta, a kuma ɗaura masa ta biyu. Kuɗin igiya ba su kai darajar rai ba.