Yadda ake takarar kujerar kansilan makarantu a lardin Ontariyo na Kanada

A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, ranar da jama'a ke zaɓen magajin gari da kansiloli, suna kuma zaɓen wakilansu a hukumar makarantu ta yankinsu. Masu Faransanci na kiran wannan wakili conseiller scolaire, mu kuwa sai mu ce kansilan makarantu. A nan Nijar mun san kwamitin COGES, inda iyaye ke zaɓen wakilansu domin kula da makaranta guda. To a Ontariyo abin ya fi haka faɗi: hukuma ɗaya na riƙe da makarantu da dama, wani lokaci ɗaruruwa, kuma ko wanda ba shi da yaro a makaranta yana jefa ƙuri'a.

Hukumomin da ake takara a cikinsu

Lardin na da hukumomin makarantu 72, masu kula da ɗalibai wajen miliyan 2. An kasa su gida huɗu: 31 na makarantun gwamnati masu koyarwa da Ingilishi, 29 na Katolika masu Ingilishi, 4 na gwamnati masu Faransanci, sai 8 na Katolika masu Faransanci. Dukkansu da kuɗin gwamnati suke aiki. Mafi girma ita ce ta makarantun gwamnati ta birnin Toronto, wadda aka zaɓa wa kansiloli 22 a zaɓen 2022, mai kasafin da ya haura dala biliyan 3 a shekara. Idan muka ce dala a nan, dalar Kanada muke nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba.

Ana zaɓen ne duk shekara huɗu, ranar Litinin ta huɗu a watan Oktoba. Na 2022 an yi shi ranar 24 ga Oktoba, kuma waɗanda suka ci sun kama aiki ranar 15 ga Nuwamba. Ƙa'idojin da za mu kawo su ne waɗanda aka yi wancan zaɓen da su, ƙarƙashin dokar zaɓen ƙananan hukumomi ta 1996 da dokar ilimi ta lardin.

Wa ke iya tsayawa?

Sharaɗi na farko, mutum ya kasance ɗan ƙasar Kanada, ya cika shekara 18, kuma yana zaune a yankin da hukumar ke kula da shi. Mai neman kujera a hukumar Katolika dole ya zama ɗan Katolika. Mai neman ta hukumar Faransanci kuwa sai yana cikin waɗanda doka ta ba haƙƙin karatu da Faransanci. Ba a tambayar digiri, ba a kuma tambayar ko kana da yaro a makaranta.

Akwai waɗanda aka hana. Alƙali ba ya tsayawa, haka ma wanda ke gidan kaso. Malami ko duk wani ma'aikacin hukumar makarantu sai ya ɗauki hutu ba albashi kafin ya ajiye takardarsa, in ya ci kuma ya ajiye aikin. Dalili a fili yake: ba za ka zama kai ne ma'aikaci, kai ne kuma mai sa ido a kan maigidanka ba.

Ajiye takarda

Ana buɗe karɓar takardu a farkon watan Mayu, a rufe ranar Juma'a ta uku a watan Agusta da ƙarfe 2 na rana. Ɗan takara zai je wurin magatakardan ƙaramar hukuma da takardar shaidarsa, ya cika fom, ya biya dala 100, wato jaka 40 da ɗoriya a kuɗin sefa. Masu neman kujerar kansilan gari a manyan garuruwa sai sun kawo sa hannun mutum 25, amma ba a ɗora wa mai neman kujerar makarantu wannan ba. Babu sunan jam'iyya a takardar ƙuri'a, kowa da sunansa yake tsayawa. In an rufe kuma aka ga mutum ɗaya ne ya fito, shi ke nan, ya samu kujera ba hamayya.

Maganar kuɗin kamfe

Nan ne da yawa ke tuntuɓe. Ba a karɓar gudummawa ko kashe ko sisi kafin a ajiye takarda. Wanda zai karɓi kuɗi ko ya kashe, sai ya buɗe asusun banki na kamfe daban. Iyakar abin da zai kashe ita ce dala 5,000, a ƙara santi 85 a kan kowane mai zaɓe. Misali, yankin da ke da masu zaɓe 20,000, iyakarsa dala 22,000 ke nan.

Mutum ɗaya ba ya ba ɗan takara fiye da dala 1,200, kuma sai mazaunin Ontariyo. Kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ba sa bayarwa. Duk gudummawar da ta wuce dala 25 ba a karɓarta tsaba, sai ta hanyar da za ta bar shaida, kamar cek. Bayan zaɓe, ko ka ci ko ka faɗi, dole ka kai lissafin kuɗinka kafin ƙarshen watan Maris. Wanda ya kai a kan lokaci ana mayar masa da dala 100 ɗinsa. Wanda ya ƙi kaiwa kuwa zai rasa kujerar, kuma ba zai tsaya a zaɓe na gaba ba.

Aikin da ke jiran wanda ya ci

Kansiloli ne ke amincewa da kasafin kuɗin hukuma, su ɗauki daraktan ilimi, su sa ido a kan aikinsa. Su ne ke yanke wace unguwa ke bin wace makaranta, da wadda za a rufe in yara sun yi ƙaranci. Suna kuma sauraron ƙarar iyayen da aka dakatar da yaransu, da shari'ar korar ɗalibi.

Sai dai mai shirin takara ya san iyakarsa tun kafin ya fara alkawari. Kansila shi kaɗai ba shi da ikon ba darakta ko malami umarni, sai abin da majalisar ta yanke da ƙuri'a. Manhajar karatu ma'aikatar ilimi ce ke tsara ta. Tun 1998 kuma aka karɓe wa hukumomin ikon yanka harajin ilimi, yanzu gwamnatin lardi ce ke raba kuɗi. Ladan aikin ma ba shi da yawa: tushensa dala 5,900 a shekara, sai ƙari gwargwadon yawan ɗalibai. Shi ya sa akasarinsu ke haɗa shi da wata sana'a.

Kujerar da ke fuskantar barazana

Jama'a ba su cika fitowa wannan zaɓe ba. A 2022 waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomin Ontariyo ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Wasu lardunan sun riga sun ɗauki mataki. Nova Scotia ta rushe zaɓaɓɓun hukumominta na Ingilishi a 2018. Kebek ta soke na Faransanci a 2020, bayan zaɓen 2014 da masu Faransanci ƙasa da kashi 5 cikin 100 suka fito. A Ontariyo kanta, cikin watan Yunin 2025, ministan ilimi Paul Calandra ya naɗa masu riƙo a kan hukumomi huɗu, har da biyu na Toronto da ɗaya ta Ottawa, bisa dalilin giɓin kasafi, lamarin da ya raba kansilolinsu da ikon yanke shawara.

Masu goyon bayan matakin na cewa kuɗin yara ne ake karewa. Masu adawa kuwa na cewa in babu kansila, uwar da motar makaranta ta bar ɗanta a hanya ba ta da wani zaɓaɓɓe na kusa da za ta kira, sai dai ta nemi ma'aikatar ilimi da ke Toronto.